Shatar Sharon daga Damaturu zuwa asibitin Dala: yadda ta kaya mana

Duk wadda mijinta ke fama da ciwon baya har ta kai ba ya iya zama tsawon sa'a guda, ina ba ta shawara ta ɗauki shatar mota in za su asibiti mai nisa, ko da kuwa sai ta ci bashi. Amma ta gama magana da direba tun a tasha, kafin a tayar da mota. Mu shata muka yi zuwa Kano, kuma zan faɗi abin da ya yi mana daɗi da wanda ya ɓata mini rai.

Abban yara faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya zame yana danne jijiya. Ciwon yana tasowa daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har tafin ƙafa, wani lokaci ƙafar ta yi sanyi kamar ba a jikinsa take ba. Likitan da ke duba shi a nan ya ba mu takardar turawa zuwa asibitin ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, kuma kowa ya san nan ne matattarar masu ciwon ƙashi a Arewa. Daga Damaturu tafiyar ta haura kilomita 400. A motar haya ana cusa mutum huɗu a kujerar da aka yi don uku, ga kaya a kan cinya. Mai lafiya ma yana sauka da ciwon ƙugu, balle shi.

Ƙanena ne ya je tasha ya nemo mana direban, wani magidanci mai Sharon ruwan toka. Sharaɗin shi ne mu biya kuɗin kujerun motar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, mai kuma a wuyansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, don haka ban yi ta ja da shi ba. Sai da na haɗa da kuɗin adashina kafin ya cika.

Inda ya fara burge ni tun ƙofar gida ne. Ana idar da sallar asuba ya iso, bai tsaya yana danna oda ba, ya shigo da sallama ya duba yadda Malam yake kwance. Da kansa ya kwantar da kujerun baya, ya ce a kawo katifar yara mai tauri, ya shimfiɗa, ya naɗe bargo ya ce a sa a ƙarƙashin gwiwoyinsa. "Hajiya, na sha kai irin waɗannan, in gwiwa ta ɗan tashi bayan yana samun sauƙi," in ji shi. Da shi da ƙanena suka tallabe shi har cikin mota.

Tuƙinsa kuwa shi ne abin da na fi yabawa. Titin Kano zuwa Maiduguri an ba da kwangilar mayar da shi tagwaye tun 2006, kuma inda aka gama santsi yake, mota gudu take so. Matsalar mai ciwon baya tana cikin garuruwa, inda aka jera tudun rage gudu, da wuraren da ake sauka daga wannan hannu a koma wancan. A Potiskum, cikin tirelolin nan da ke fake gefe da gefe, duk tudun da za mu hau sai ya kusan tsayawa cak, ya karkata motar ya hau da taya ɗaya ɗaya. Na baya suna ta oda, bai ko waiwaya ba. Ni ina zaune a gefen katifar riƙe da hannun Malam, kuma daga yadda yake matse mini yatsu nake gane girgizar da ta taɓa shi. A shingayen jami'an tsaro shi yake riga su magana, ya ce mara lafiya ne, su leƙo su ga mutum kwance su ce Allah ya sawwaƙe. A Azare ya tsaya ba tare da mun roƙa ba, ya ce Malam ya sauko ya ɗan taka, domin doguwar kwanciya ma sandarar da baya take yi. Daga baya likita ma haka ya ce.

Motar kanta ba sabuwa ba ce. Na'urar sanyaya ta mutu, gilashin gefena ba ya sauka sai rabi, daga Shuwarin zuwa Wudil zafi ya gasa mu sosai. Shiga Kano kuma, daga Hotoro a ratsa gari har Ƙofar Ruwa cikin cunkoson adaidaita sahu, ya fi mini kilomita ɗari na daji wahala. Ban yi barci daren ba, ga jakar magani, ga fayil, ga kwanon abincin da ko buɗe shi ban yi ba. Lokacin da muka yanki kati ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya matse ni.

Likita ya duba Malam a tsanake, ya ɗaga ƙafar yana tambayar inda ciwon ke tsayawa, ya ce sai an yi hoton MRI, wato hoton cikin jiki mai nuna faifan baya da jijiyoyi, a kawo masa washegari. Nan rigimar farko ta taso. Direba ya ce shi cinikin zuwa da dawowa aka yi, ba na kwana ba, sai an ƙara masa kuɗin yini guda da na abinci. Yana da hujja, domin motarsa ce abincinsa. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da ya ce ya sha kai marasa lafiya ya san da wuya a ga ƙwararren likita a gama a yini ɗaya, ya kamata ya faɗa tun a tasha. Na biya, muka kwana gidan 'yar uwata a Kurna.

Ta biyun ita ce ta ƙona mini rai. A hanyar dawowa ya tsaya wajen Mariri ya ce minti biyar. Ashe saƙo zai ɗauka, kwalaye da buhu biyu da zai sauke a Potiskum a biya shi. Ya fara tura su ta ƙafafun Malam, har sai ya lanƙwashe gwiwa. Na ce, "Malam direba, motar nan ba mu muka biya ta duka ba?" Ya ce ai wurin banza yake. Malam, da yake ba ya son hayaniya, ya ce in ƙyale shi. Ban ƙyale ba. Aka mayar da buhunan kujerar gaba, ƙanena ya dawo baya ya takure, muka ɓata kusan sa'a guda a rana, sai bayan isha muka shiga gida.

Likita ya ce ba a kai ga tiyata ba tukuna. An rubuta magani da gashin ƙashi, an ba shi belet na ƙugu, za mu koma a sake dubawa. Direban nan zan sake kira, saboda samun mai hawa tudu irin nasa ba abu ne mai sauƙi ba. Sai dai wannan karon a gaban shugaban tasha za a yi cinikin: kuɗin kwana nawa ne in ta kama, wa zai ciyar da shi, kuma ba fasinja ba saƙo har mu dawo. Rabin kuɗi za mu ba shi a tasha, ragowar sai ya sauke mu a ƙofar gida.