Festival of Beasts a TFT: yadda na same shi, da dabarun da suka yi mini aiki

Duk wanda ya shiga Revival: Festival of Beasts da niyyar haɗa tawagar da ya gani a bidiyon wani, wasan zai koya masa hankali tun kafin a yi nisa. Wannan ne ya fi burge ni game da shi, kuma shi ne ya sa wasu abokan wasana suka yi fushi suka ajiye shi.

Ga wanda bai san TFT ba, cikakken sunansa Teamfight Tactics, na kamfanin Riot Games. Ya fito a watan Yunin 2019, 'yan watanni bayan Dota Auto Chess na Drodo Studio ya sa duniya ta san irin wannan wasa, ya kuma iso waya a watan Maris na 2020. Mutum takwas ne ke karawa, amma ba da hannunka ake faɗan ba. Naka shi ne ka sayi mayaƙa a kanti, ka jera su a fili, ka ɗora musu kayan yaƙi, sannan ka naɗe hannu ka ga yadda za ta kaya. Kowa na farawa da jini 100, duk faɗan da aka ka da kai a rage maka, wanda nasa ya ƙare ya fita. Gamawa cikin huɗun farko nasara ce. Shi kuwa Revival sashe ne da ake buɗewa na 'yan makonni, a dawo da tsohon zubin mayaƙa, sannan a rufe. An fara da Return to the Stars a Janairun 2024. Festival of Beasts asalinsa na Janairun 2021 ne, aka sake fito da shi a farkon 2025, ya yi 'yan makonninsa aka rufe.

Abin da ya bambanta wannan zubi shi ne tsarin Chosen, wato zaɓaɓɓen mayaƙi. A al'ada sai ka tara mayaƙi iri ɗaya guda 3 kafin ya zama mai tauraro 2, guda 9 kafin ya kai tauraro 3. A nan kuwa, jefi-jefi kanti kan kawo maka zaɓaɓɓe wanda ya riga ya zo da tauraro 2, a kan ninki uku na farashinsa, kuma a ɗaya daga cikin danginsa (rukunin mayaƙa da ke samun ƙarin ƙarfi in ka tara su a fili) ana ƙirga shi sau biyu. Ɗaya tak za ka riƙe. In kana son wani, sai ka sayar da na hannunka.

A nan mutane suke rabuwa gida biyu. Akwai masu zama suna jiran zaɓaɓɓen da suke so, suna ta juya kanti, wato biyan kuɗi don ya sauya mayaƙan da yake nunawa, jini na zuba. Akwai kuma masu ɗaukar duk mai ƙarfin da ya fara zuwa, su ci faɗa da shi, in lokaci ya yi su sayar. Na biyun ne nake gani a huɗun farko. Zaɓaɓɓen farko ba aure ba ne, haya ce. Ko Yasuo ne ko Diana ko Nasus, matuƙar zai tsare maka jini a matakan farko, ɗauke shi. Ranar da za ka rabu da shi kusan duk kuɗinka zai dawo.

Bari in ba da misali da wani wasa da ban manta ba. Wasa ya shiga mataki na huɗu ina shirin gina tawagata a kan mayaƙi Olaf, kayan bugu duk na haɗa su a jikin wani ƙaramin mayaƙi yana riƙe mini. Na hau zuwa matsayi na 8, inda zan iya jera mayaƙa takwas a fili, na sayar da tsohon zaɓaɓɓena, na fara juya kanti. Olaf ko inuwarsa. Da na leƙa filayen sauran, ashe mutum biyu sun riga ni, kowanne da nasa. Sai ga Xayah zaɓaɓɓiya a gefen kanti, zinariya 12, agogon shiri kuma na gudu. Na saye ta, na sayar da mai riƙon kayan don su dawo hannuna, na ɗora mata Infinity Edge da Last Whisper, na ajiye ta a layin baya, na cika gaba da 'yan Elderwood ɗin da kanti ya ba ni. Su kuma dangi ne da ƙarfinsu ke ƙaruwa muddin faɗa na tsawaita, don haka suka tsaya kyam ita tana aikinta daga baya. Masu Olaf ɗin nan biyu suka yi ta hana juna ƙarasa shi har suka fita kafin ni.

Dalili kuwa, mayaƙan da ke fitowa a kantin kowa daga rumbu ɗaya suke. Duk wanda wani ya saya ya ragu a cikin abin da kai za ka iya gani. A wasan da zai rufe bayan 'yan makonni wannan ya fi tsanani, domin ba wanda ke da lokacin gwaje-gwaje, kowa ya je ya kalli jerin tawagogin da aka ce sun fi ƙarfi, ya dawo yana neman abu ɗaya da sauran. Tawagar da aka sa a sahu na biyu, in kai kaɗai kake haɗa ta, ta fi ta sahun farko da mutum uku ke wawaso. Saboda haka leƙen filin abokan hamayya ba gulma ba ce, rabin wasan ke nan.

Sai maganar zinariya, wadda sababbi ke rainawa. Kowane zagaye ana ba ka 5. A kan kowace 10 da ka ajiye ana ƙara maka 1, har iyakar 5 in ajiyarka ta kai 50. Juya kanti 2 ne, sayen ƙwarewa don hawa matsayi 4 ne, kuma matsayinka shi ke ƙayyade yawan mayaƙan da za ka sa a fili da irin tsadar waɗanda kanti zai nuna maka. Wanda ya kai 50 da wuri yana karɓar 10 duk zagaye, yayin da mai juya kanti don ƙaiƙayin hannu ke karɓar 5 ko 6. Bayan zagaye goma ba sai an yi maka lissafi ba. Ƙaramar dabarar da na saba da ita: kafin faɗa ya ƙare ina duba ajiyata, in na ga 28 ko 29, sai in sayar da wani mayaƙi mai tauraro 1 da ke zaune a benci, ba a fili ba, don in cike 30, tunda irinsu ba a asarar komai wajen sayarwa. Akwai kuma ƙarin zinariya ga mai jera nasara da mai jera shan kaye. Wanda ba ya samun wannan ƙarin shi ne mai ci yau a ka da shi gobe.

Amma ajiya ba ita ce manufa ba. Na sha ganin mutum ya fita na bakwai da zinariya 50 cif a aljihu. In jininka ya sauko ƙasa da 40 kuma filinka ba ya cin kowa, kashe kuɗin a take. Ka kuma san inda kake juyawa: masu farashi 1 a ƙananan matsayi ake tara su, masu 3 a wajen matsayi na 7, masu 4 sai a 8, masu 5 irin su Samira da Ornn da Sett sai wanda ya kai 9 ke ganinsu sosai.

Dangin Fortune ne ya fi gwada zuciyar mutum. Da guda 3 a fili, kana tara lada ne duk lokacin da ka sha kaye, kuma ba za ka karɓa ba sai ranar da ka ci faɗa. Iya daɗewarka iya girman ladan. Yana da daɗi ƙwarai in ya fashe, fili ya cika da zinariya da kaya. Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala: wanda ya ce bari in ƙara zagaye ɗaya, sau da yawa yakan tarar ba shi da ƙarfin cin ko faɗa guda, ya tafi da ladansa a rufe. Sabon shiga ya bar shi tukuna. Cultist ya fi masa sauƙi, domin da zarar tawagarka ta rasa rabin jininta sai wani ƙaton mayaƙi mai suna Galio ya diro tsakiyar fili ya sauya lissafi. Ninja kuma a kula, ba ya aiki sai da guda 1 ko 4 daidai.

Kayan yaƙi ba sa buƙatar dogon bayani. Guntu biyu ke haɗuwa su ba da cikakke ɗaya, kowane mayaƙi na ɗaukar 3. Haɗa su da wuri. Sunfire Cape ko Warmog's Armor a jikin mai tare gaba tun mataki na biyu ya fi guntaye huɗu da ke kwance a gefe suna jiran kayan mafarki. Jeri kuma a sauya shi gwargwadon wanda za a haɗu da shi. 'Yan Assassin irin su Katarina da Akali da an fara faɗa suke tsallakawa baya, don haka kada ka bar mai kai maka hari shi kaɗai a lungu, kewaye shi. Yasuo da Yone kuwa akasin haka ne, garkuwarsu ba ta fitowa sai in babu abokin da ke manne da su.

Ba komai ne ya yi mini ba. Sa'a tana da babban rabo a nan fiye da yadda nake so. Wanda zaɓaɓɓensa na farko ya dace da abin da ke filinsa zai iya jera nasara ba tare da ya yi wani tunani ba, wani kuma ya yi komai daidai ya ƙare na biyar. Ga sabon ɗan wasa kuma, mayaƙa sama da hamsin ne zai haddace da danginsu, kuma daidai lokacin da ya fara gane su ake rufe ƙofa. A waya karanta bayanin kowane mayaƙi cikin 'yan daƙiƙun shiri aiki ne. Wasa ɗaya na cin rabin awa ko fiye, ba a dakatar da shi, don haka ba abin buɗewa ba ne in kana jiran kira.

A ɗaya ɓangaren, kyauta ne, kuma kuɗi ba ya sayen ƙarfi, sai dai ado. Sashen daban yake da babban wasa, faɗuwarka a ciki ba ta taɓa matsayinka na gasa da ka sha wuya ka hau a can. Shi ya sa na fi sakin jiki in gwada haɗin da ba zan taɓa kusanta ba a wasan gasa.

Wanda ya taɓa buga TFT ko da kaɗan ne, in an sake buɗe irin wannan sashe ya shiga tun makon farko, kafin kowa ya haddace jeri ɗaya. Wanda bai taɓa ba, ya fara koyon ajiya da haɗa kaya a wasan yau da kullum, ya zo nan da dangi biyu da ya sani sosai, ɗaya na masu bugu ɗaya na masu tsafi, yadda duk guntayen da suka faɗo masa yana da inda zai kai su.