Abin da ya same ni a titin Cahar Bag

Watana biyu ke nan ina karatu a birnin Kum na ƙasar Iran, sai wannan hutun na samu zuwa birnin Isfahan. Ranar farko na shiga wani kanti a titin Cahar Bag zan sayi gaz, farar alewar da garin ya yi suna da ita. Mai kantin ya ɗaure min kwali biyu, na miƙa kati, sai ya dafa ƙirji ya ce "ƙabel nadare", wato ai bai kai a biya ba. Na yi godiya, na sa masa albarka, na fita.

Ban yi taku ashirin ba yaronsa ya sha gabana a bainar jama'a yana nuna kwalin. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe al'adarsu ce, ta'aruf suke kiranta: shi zai ƙi karɓa, kai kuma ka nace har ya karɓa. Har yanzu abin yana cina. Mu a Kwari in ɗan kasuwa ya ce "albarka" ka san sai ka ƙara, in ya ce "na bar maka" to ya bari har zuci. Da na koma biya ma, shi da toman ya faɗi kuɗin, na'urarsa ta rubuta da riyal ɗin Iran, ga sifili ya ƙaru, don toman ɗaya riyal goma ne.

Na samu benci a inuwa na zauna raina ya huce. Titin kam ya isa a kalla. Shah Abbas ne ya shimfiɗa shi a zamanin da ya mayar da fadarsa Isfahan a 1598, sunan kuma yana nufin lambu huɗu. Yanzu an hana mota bin wannan ɓangaren, tsofaffi da mata da yara suna tafe a natse ƙarƙashin dogayen itatuwan cinar, ga shuɗiyar ƙubbar makarantar da aka gina zamanin Shah Sultan Husaini. Sai badalar Kano ta faɗo min a rai, yadda muke zaftare ta muna buga bulo, muna sare darbejiya don a kafa shago. Su shekara ɗari huɗu suna ban ruwa.

Da la'asar na gangara gadar Si-o-se-pol mai baka 33. Kogin Zayande a bushe na tarar da shi, yara suna gudu a cikinsa. Nan na buɗe kwalin. Alewar da daɗi, amma alkakin Inna nake so.