Abu uku na sauya wa Hilux ɗina, ɗaya ne ya biya kuɗinsa

Motata Hilux ce ƙirar 2012, irin wadda ake ce wa Vigo, mai injin fetur lita 2.7 da makanikai ke kira 2TR. Sana'ata sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Jigawa da Yobe in kawo Dawanau. Ranar Alhamis ina Maigatari, sauran kwanaki kuwa duk inda kaya ya yi sauƙi, daga Gumel har Malam Madori, wani lokaci in zarce Nguru da Machina. Kwalta kaɗan nake takawa. Yawancin hanyata burji ce da yashi, idan damina ta sauka kuma taɓo da kududdufi. Wannan bayani na dole ne, domin abin da ya yi wa mai yawo tsakanin Wuse da Maitama daɗi ba lalle ya yi mini ba.

Ɗan yayana ne ya fara sa ni a hanya. Yaro ne mai son mota, kullum yana kallon Amurkawa a YouTube suna sauya wa manyan motocinsu irin su F-150 filtar iska da salansa. Wata rana muna dawowa daga Haɗeja da buhuna a baya, motar tana jan jiki, sai ya ce, "Baffa, wallahi motar nan a shaƙe take. Kamfani ya toshe mata hanci, ya toshe mata baya. Ka buɗe mata ka ga gudu, har mai za ta rage sha." Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk wanda ya ce mini ga dabarar rage shan mai, kunnena a buɗe yake. Na biye masa.

Filtar muka fara saya, irin mai kamar malfa, ta auduga da ake shafa wa jan mai. An cire akwatin filtar na kamfani gaba ɗaya, aka ɗaura ta tsirara a bakin bututu cikin bonet. Abin da na fara ji shi ne ƙara. Idan na taka totur sai injin ya yi wani gurnani kamar yana zuƙar duniya, kuma in faɗi gaskiya, ƙarar ta yi mini daɗi har na ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Kunne yana ruɗin ƙafa. Da na tsaya na lura da kyau, hawan da nake yi a giya uku da kaya, a giya ukun nake yinsa, man da ke kai ni Maigatari ya dawo da ni kuma bai ragu da ko lita ɗaya da zan iya rantsuwa a kanta ba.

Da rana ma sai na ga kamar ta fi kasala. Daga baya na gane dalili. Akwatin kamfani iskar waje yake jawowa ta cikin gefen mota, ita kuwa wannan a cikin bonet take zaune, tana shan iskar da lagireto da injin suka riga suka dafa. Iska mai zafi ba ta da nauyi, abin da injin ke samu ya ƙone mai da shi ya ragu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, sai ka ƙara mata na cikin bonet a kai.

Babbar matsalar ba ta bayyana ba sai da hunturu ya kama. Wanda bai bi hanyar Machina a watan Janairu ba bai san ƙura ba. Akwai wadda iska ke kwasowa tun daga ƙasar Chadi ta rufe sama, akwai kuma wadda motar gabanka ke tayar maka, laushinta kamar garin alabo. Cikin mako uku filtar ta koma launin ƙasa. Na wanke, na shanya, na shafa mata mai kamar yadda aka ce, kuma a nan na yi kuskurena, na cika mata man. Bayan kwana biyu wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama, silo, wato aikin inji in mota na tsaye, ya fara rawa, motar tana shaƙewa idan na taka.

Makanikena dattijo ne, shekara goma sha ɗaya yana taɓa mini mota. Ya sa na'ura, ta nuna lamba P0171, wato iska ta rinjayi mai a lissafin kwamfutar motar. Ya kwance ɗan abin nan mai auna iska da ke bayan filta, ya nuna mini siririyar wayar da ke cikinsa ta yi danƙo da mai da ƙura. Feshi ya yi mata ta dawo daidai, wannan ba wani abu ba ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da ya cire bututun da ke shiga injin, ya zura farin ƙyalle ciki ya goga, ya miƙo mini. Ƙyallen ya fito ja.

"Alhaji, ka ga wannan? Ba a waje na gogo shi ba, bayan filta ne. Duk wannan injinka ya ci."

Na yi shiru. Injin fetur yana buƙatar iska ninki 14.7 na nauyin man da yake ƙonawa, wato kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Ka lissafa tanki guda, sannan ka tuna iskar Janairu ce. Ƙurarmu kuwa yashi ce da aka niƙa, idan ta shiga silinda aikin sanfefa take yi wa zobban fistin, a hankali har ranar da za ka ga mota ta fara shan baƙin mai da hayaƙi. Filtar da ke barin iska ta wuce da yawa, ƙofofinta ne suka fi faɗi, babu wani sihiri. A ƙasar da ake ruwa kusan duk shekara kuma titi a share yake, wataƙila cinikin ya yi riba. A nan garin gyaran gira ne za a rasa ido. A ranar na sa aka ɗauko akwatin kamfani daga sito, Allah ya taimake ni ban sayar ba, aka mayar da shi da sabuwar filtar takarda ta Toyota.

Salansa ba zan daɗe a kanta ba don ba ta cancanta ba. Bututu mai faɗin inci 3 aka ƙera mini daga tsakiya zuwa baya, da ƙaramar tukunya wadda in ka leƙa ta wannan baki kana hango wancan. Aikin waldar ya yi kyau, ban da abin cewa. Amma injin 2.7 marar turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska, ba ya fitar da hayaƙin da zai cika bututu haka, sai gudun hayaƙin ya ragu, abin da ke taimaka wa injin ya share silinda a ƙananan juyi ya tafi. Inda na fi buƙatar ƙarfi, wato tashi daga tsaye a cikin yashi da buhu goma sha biyu a baya, nan na ji ta yi sanyi. A kan kwalta kuma, daidai juyin inji 2,200 zuwa 2,500 a minti inda nake zama in na miƙe hanya, sai wani gunji ya cika cikin motar, daga Gezawa kafin ka kai Gumel kanka ya fara sarawa. Uwargida ta shiga sau ɗaya ta ce, "Maigida, wannan motar ce ko injin markaɗe?" Maƙwabta ma sun san lokacin fitata da asuba, abin da ɗan kasuwa mai ɗauke da kuɗi ba ya so.

Masu Hilux mai injin gas da turbo, irin 1KD mai lita 3, su suna da hujjar faɗaɗa salansa, domin turbo yana son baya a buɗe. Wani abokin sana'ata yana da ita, ya ce ya ji bambanci, kuma na yarda da shi. Tawa ba ita ba ce.

Abu guda da na yi daidai a ranar da aka sauya mini salansar shi ne hana a cire mini indomi, wato tukunyar nan mai saƙa kamar gidan zuma da ke tace hayaƙi kusa da injin. Za ka ji ana ta ba ka shawara ka fasa ta wai ta toshe, har a ce za a rage maka kuɗin aiki in ka bar musu ita. Akwai dalili. Ƙarafa masu tsada ne a cikinta, filatinam da ire-irensa, kuma akwai masu saye. In tana da lafiya ka bar abarka, kuma ka tsaya a wurin har a gama aiki. Bayan wata biyar na je Ƙofar Ruwa na nemo salansar Hilux ta asali, ta hannu, aka mayar mini. Kuɗin zuwa da dawowar nan sun isa in sayi tayoyi biyu.

Na ukun, wanda na saya a ƙarshe kuma ba da shawarar yaro ba, shi ne sinokel, baƙin bututun nan da ke fitowa ta gefen mota ya hau jikin gilashin gaba har saman rufi. Motocin ƙungiyoyin agaji da ke shiga Yobe da Borno na riƙa gani da shi, na ce waɗannan ba ado suke yi ba. Mutane suna ɗauka don tsallake ruwa kaɗai aka yi shi. Yana yin wannan, kuma a fadamun Haɗeja da Nguru cikin watan Agusta ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne, amma amfaninsa a wurina na rani ne. Bakin iskar kamfani yana kusa da tayar gaba, inda ƙura ta fi kauri. Sinokel ya ɗaga shi sama da kai, inda ta yi sauƙi. A samansa na cire kan da ya zo da shi mai kallon gaba, na sa irin mai kwano, wanda ke juya iska kamar guguwa, yashi mai nauyi ya faɗa cikin kwanon kafin ya isa filta. Roba ce garai, kana ganin abin da ya taru. Ranar farko da na dawo daga Machina na juye kwanon a tafin hannu, na kira ɗan yayana na nuna masa. Filtar da a da nake kaɗewa duk mako yanzu tana kai wata kafin ta nuna alama, kuma na sa makanikena ya maimaita gwajin farin ƙyalle, ya fito fari.

Yana da nasa aibin. Sai an huda gefen mota da babban rami, an kuma huda ginshiƙin gilashi, babu komawa baya. Wanda zai yi maka aikin ya zama yana da takardar awo da ke zuwa da kayan, ya shafa fenti a bakin ramin don tsatsa, ya liƙe kowace mahaɗa da gam har ƙananan ƙofofin da ke ƙasan akwatin filta, in ba haka ba ta nan ƙura da ruwa za su shiga kana zaton ka tsira. Sannan kowane mai shago zai rantse maka nasa na kamfanin Safari ne na Ostireliya. Ka taɓa robar. Mai kauri da ɗan taushi ita ke jure ranarmu, mai ƙyalli da sauƙi kamar bokiti shekara guda za ta tsage. Nawa ba shi da wannan suna, amma mai kauri ne, damina biyu kenan bai nuna komai ba. Akwai ɗan shuu da yake yi kusa da kunne idan gilashi a sauke yake, na saba. Ƙarfi bai ƙara mini ba, mai bai rage ba, mai shagon ma bai ce zai yi ba, abin da ya sa na yarda da shi kenan.

Kada kuma ya ruɗe ka ka ɗauka motarka ta zama kwalekwale. Altaneta, kwamfuta da wayoyi suna nan inda suke, gada, wato tukunyar giya da ke tsakanin tayoyi, da giyabos kuma suna da ƙananan hancinan numfashi da ruwa ke shiga ta cikinsu. Bara na tsallake wani ruwa bayan Malam Madori da ya kai saman taya, injin bai ko yi tari ba, amma da aka buɗe man gadar baya washegari ya koma kamar kunun gyaɗa, sai da aka juye.

Filtar mai malfa tana nan a kwali a sito. Ɗan yayana ya ce in ba shi ya sa a Corolla ɗinsa tunda shi cikin gari yake yawo. Na ce ya bari sai damina ta sauka.