Halloween na 1978: faifan 2007 ko na 2013?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga faifan Blu-ray (magajin DVD, mai hoton da ya fi fitowa) biyu na Halloween, fim ɗin ban tsoro na John Carpenter na 1978, ɗaya na 2007 ɗaya na 2013, duka na kamfanin Anchor Bay, kana tambaya ko canza wa tuwo suna kawai aka yi. Ina da su duka biyun, kuma na sha saka su ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗaya ne, amma idonka ba zai ga abu ɗaya ba.

Rigimar duk a kan launi take. Labarin fim ɗin yana faruwa ne a ƙarshen Oktoba, a wani garin ƙage mai suna Haddonfield a jihar Illinois, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba. Amma an ɗauke shi ne a Kalifoniya da bazara, itatuwa kore shar, har sai da ma'aikatan suka riƙa watsa busassun ganyen da suka shafa wa fenti, su kwashe, su sake watsawa a wani titin. Saboda haka yadda aka daidaita launin hoton shi ne ke ɓoye wannan dabara. Faifan DVD na 1999 an yi shi ne ƙarƙashin kulawar Dean Cundey, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin. A 2003 aka sake fitar da shi don cika shekara 25, aka ƙara haske, aka rage shuɗin da ke cikin dare. Masu tara faifai suka yi ca a kai. Wannan gyaran na 2003 shi aka ɗora a Blu-ray na 2007.

Ka duba wurin da Laurie, jarumar fim ɗin, da ƙawarta ke dawowa daga makaranta, Michael, makashin da ke bibiyarta, yana tsaye a bayan shingen shuke-shuke. A na 2007 ciyawa kore ce fes, rana tana haskawa, ka ce damina ce ta kankama. A na 2013, wanda aka dawo da Cundey ya duba, launin ya dusashe, sama ta yi fari-fari, kana jin sanyin lokacin a jikinka. Da dare kuma shuɗin ya dawo. Wurin da na fi gwada su da shi shi ne inda farar fuskar Michael ke fitowa sannu a hankali daga cikin duhu a bayan Laurie. Cundey ya yi hakan ne ta hanyar ƙara hasken fitila kaɗan-kaɗan, kuma sai duhun ya yi duhu sosai abin ke kama mutum. A nan na 2013 ya yi wa na 2007 fintinkau. Akwai dai waɗanda ke cewa na 2013 ya cika kodewa, suna kewar ruwan goron da ke cikin na 1999. Ni ban ga laifinsa ba.

To me ya sa ban rabu da na 2007 ba? Saboda abin da ke cikinsa bayan fim ɗin. Yana da tsohon sharhin da Carpenter da Jamie Lee Curtis (wadda ta fito a matsayin Laurie) da Debra Hill suka yi; Hill ce ta shirya fim ɗin kuma suka rubuta shi tare da Carpenter. Ta rasu a 2005. Na 2013 sabon sharhi aka yi masa, Carpenter da Curtis kaɗai, hira mai daɗi amma babu muryar Hill. Dogon shirin tarihin fim ɗin da ke cikin na 2007 ma ba a saka shi a na 2013 ba. Abin da ke ƙona wa masu tarawa rai ke nan: kowane sabo yana zuwa da gyara ɗaya, ya bar wani abu a baya, sai ka ƙare da kwali uku na abu ɗaya a kan kanta. Bayan na 2013 an yi babban akwatin jerin finafinan a 2014, kamfanin Lionsgate ya fitar da faifan 4K (mai hoton da ya fi na Blu-ray fitowa) a 2018, kamfanin Scream Factory ya sake fitar da wani 4K a 2021. Kowane karo sai ka ji ana rantsuwa an daina saye, kuma a saya.  

Idan ɗaya za ka saya, kuma kallo ne ya dame ka, ɗauki na 2013. Sai dai ka fara duba na'urarka. Amurka tana yanki A a tsarin Blu-ray, Afirka tana yanki B, kuma faifan da aka kulle wa yanki A ba zai buɗe a na'urar B ba. Faifan 4K ba shi da wannan kulle, don haka in kana da na'urarsa da talabijin ɗinsa, tsallake biyun nan ka nemi na 2021, shi ma Cundey ya amince da hotonsa.