Man goge karce mai soso biyu: rabi aiki ne, rabi rufa-ido

Wannan saitin goge karcen jikin mota da ya cika kasuwa yanzu, mai zuwa a kwali da robar mai guda, soso biyu da ɗan tsumma, wanda ake tallarsa a Facebook da bidiyon mutum yana shafa sau ɗaya karce ya ɓace, shi nake nufi. Kun san masu sayar da shi, kun san kuɗinsa. Na saya, na gwada a kan baƙar mota, wadda ita ce ba ta rufa wa kowa asiri, kuma gaskiya da farko ya ba ni mamaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ɗauke fentin adaidaita sahu. Duk mai tuƙi a Kano ya san wannan rawayen layin da ake bar wa mutum a gefen ƙofa ko kusurwar bamba idan an matse a cunkoso. Ido zai ce maka fenti ya tafi, amma sau da yawa fentin ɗan sahun ne ya manne a saman naka, naka yana nan lafiya a ƙasa. Ɗigo uku ko huɗu a kan soso mai tauri, a goga da ɗan ƙarfi na minti ɗaya zuwa biyu, a share da tsumma, sai ka ga rawayen ya koma jikin soso. A nan man ya ci kuɗinsa, domin mai fenti zai iya cewa sai an fesa ƙofar gaba ɗaya.

Sai dai a fahimci abin da man yake yi. Fentin motar zamani hawa uku ne: shimfiɗar farko mai ruwan toka wadda ke kama ƙarfe, sai launi, sai kiliya, wato ruwan nan garai-garai mai sheƙi da ake fesawa a sama. Duka ukun a motar da ta fito daga kamfani kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya bisa dubu na milimita), kiliyar kaɗai kuwa tsakanin 35 da 50 take, ba ta kai kaurin fallen takarda ba. Man gogewa yashi ne mai laushin gaske a cikin ruwa. Ba ya cike ramin karce, cinye kiliyar da ke gefen ramin yake yi har ta sauko daidai da gindinsa, haske ya daina karyewa a wurin. Saboda haka duk gogewa ragin kiliya ce, kuma abin da aka rage ba ya dawowa. Kwalin bai faɗi wannan ba ko a layi ɗaya.

Kafin a buɗe robar ma akwai gwaji biyu. A ja farce a kan karcen ta gicciye: idan farce ya wuce bai sarƙe ba, man zai iya, idan ya sarƙe, ramin ya yi zurfi, iyakacin abin da za a samu shi ne a rage masa kaifi. Na biyu a zuba ruwa: karcen da ya ɓace yana jiƙe, a kiliya yake. Wanda kuwa ake hango toka-toka ko hasken ƙarfe a cikinsa, wannan aikin mai fenti ne, kada a ɓata mai da lokaci.

To, ga inda raina ya ɓaci. Na goge dogon karce irin na makulli a jikin fanda, wanda farce ke ɗan ji, ya ɓace tas, har na fara yabon man ga mutane. Bayan an wanke motar da sabulu sai ga shi ya dawo, daidai inda yake, daidai tsawonsa. Dalili kuwa man cike yake da maiƙo da kaki. Maiƙon ne ke kwanciya a cikin ramin ya sa ido ya ga wuri ya daidaita, kamar dai yadda ruwa ke yi a gwajin da na faɗa, sai dai shi ba ya bushewa nan take. Sabulu na taɓa shi, musamman sabulun gari da yaran wankin mota ke amfani da shi, ya tafi. Wannan shi ne sirrin bidiyon talla. Ban ce man ba ya ci ko kaɗan ba, yana ci, amma cin nasa bai kai kashi ɗaya bisa uku na abin da ido ke gani a ranar farko ba, a nawa ƙiyasin. Sayar wa mutum abin ɓoye karce da sunan abin cire karce, ni a wurina ha'inci ne.

Hanyar kama shi mai sauƙi ce. A haɗa sifirit irin na kemis kashi ɗaya da ruwa kashi uku, a fesa a tsumma mai tsabta, a share wurin da aka goge, a haska fitilar waya ta gefe. Abin da ya rage bayan sifirit shi ne gaskiyar aikin. Da haka na gano cewa ƙananan zagayen nan masu kama da saƙar gizo, waɗanda share ƙurar hunturu da busasshen tsumma ke jawowa, su kam yana cire su da gaske bayan zagaye biyu ko uku. Karcen farce a bayan hannun ƙofa ma haka. Duk abin da ya fi wannan zurfi, ɓoyewa ce kawai.

Ga wanda ya riga ya saya, ga yadda zai ci moriyarsa. A wanke wurin sosai a busar, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soso ta isa ta yi sabon karce da ya fi tsohon. A yi a inuwa, da safe ko bayan la'asar, jikin motar ya huce har bayan hannu zai iya zama a kai. A kan ƙarfe mai zafi man bushewa yake yi kafin ya yi aiki, ya zama gari, ya manne. A ɗauki wuri kaɗan, kamar santimita 40 sau 40. A ɗan jiƙa soson da man kafin a fara, sannan ɗigo huɗu masu girman ƙwayar wake. A goga a miƙe, sama da ƙasa sannan hagu da dama, layi na hawa rabin layi, har man ya fara zama garai-garai. A share, a duba da sifirit, a maimaita idan da buƙata. Ni ba na wuce zagaye uku a wuri ɗaya da hannu. Bayan soso mai tauri sai mai laushi, domin mai taurin kan bar wani ɗan hazo a baƙin fenti wanda ba a gani sai rana ta fito.

Tsumman da ke cikin kwalin kuwa a ba yara su goge takalmi. Gefensa ɗinkin zaren roba ne mai kaushi, kuma a kan baƙin fenti yana barin nasa layukan. A sayi tawul ɗin maikirofaiba mai kyau, a cire takardar da ke ɗinke a gefensa, a ninka shi huɗu, ana juya fuska. Idan ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke. Soson ma mai taurin ya fara marmashewa tun robar ba ta kai rabi ba.

Wani abin haushi, man yana ɓata baƙar roba. Ya taɓa robar gefen gilashi ko ta ƙasan bamba mai ƙurji-ƙurji, sai ya bushe fari a cikin ramukanta, kuma sai da buroshin haƙori da sabulu yake fita. Salatif na takarda irin na masu fenti shi ne maganin wannan, a rufe roba da tambarin mota kafin a fara.

Wasu saitin na zuwa da faifan da ake ɗaurawa a injin huda. A yi hattara da shi. Injin huda juyawa yake a wuri ɗaya, yana tara zafi, ba kamar injin folish mai juyawa yana lilo ba. A kan kaifin ƙofa, bakin bonet da duk inda ƙarfe ya lanƙwashe, fenti ya fi siranta, daƙiƙa kaɗan sun isa a ƙona kiliya. Bamba ta fi haɗari domin roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Alamar an huda kiliyar ita ce launin motar ya bayyana a soso. Da an ga haka a tsaya. Sai dai a tsohuwar mota ko wadda aka fesa da fenti mai hawa ɗaya marar kiliya, launi kan fito a soso tun shafar farko, wannan ba matsala ba ce. Masu motocin Kwatano su lura, da yawansu an taɓa fesa wani ɓangare, ko an riga an goge su da inji kafin a kai su filin sayarwa, don haka kiliyar da ta rage ba ta kai ta kamfani ba.

Karcen da farce ke ɗan ji, masu aikin kan sassauta shi da samfefa mai lamba 2500 ko 3000 wadda aka jiƙa a ruwa, sannan su bi da man gogewa mai ƙarfi da inji. Wannan man na kwali ba zai iya fitar da sawun samfefa da hannu ba, kada wani ya gwada a kan ƙofarsa ya zauna da dusasshen tabo.

Da farko na yi niyyar ba shi huɗu cikin biyar saboda fentin ɗan sahu. Da na tuna karcen da ya dawo, da tsumman, da robar da ta yi fari, biyu da rabi ya ishe shi. Wanda zai kai mota fenti nan kusa ma ya guje shi, ko ya sanar da mai fentin, domin irin wannan maiƙon idan da silikon a ciki yana sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka. Wanda ya goge kuma ya bi wurin da kakin mota bayan ya share da sifirit, tunda gogewar ta tafi da duk wata kariya da ke kai.