ThinkPad T480 ko MacBook Air ta 2017: wacce ta fi karɓar Linux?

Malam, ka ce ka ga kwamfutoci biyu na hannu a shago ɗaya, farashinsu kusa da juna, wato Lenovo ThinkPad T480 da MacBook Air ta shekarar 2017, kuma niyyarka ita ce ka goge abin da ke cikin wadda ka saya ka ɗora mata Linux Mint, wato ɗaya daga nau'o'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, domin aikin ofis da koyon rubuta manhaja. Shawarata ita ce ka ɗauki ThinkPad, duk da cewa a wajen kyan jiki da rashin nauyi MacBook ta yi mata fintinkau, domin abin da ke raba gardama a nan ƙananan sassa ne da ido ba ya gani daga waje.

Babban bambancin yana wajen katin Wi-Fi. T480 tana zuwa ne da katin Intel, kuma kamfanin da kansa yake rubuta direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, ya shigar da shi cikin kanel, wato zuciyar Linux, saboda haka tun kana tsakiyar ɗora tsarin za ka ga sunayen hanyoyin sadarwa sun jero maka. Ita kuwa MacBook Air ta wannan zamani katin Broadcom BCM4360 ne a cikinta, wanda direbansa rufaffe ne, wato kamfanin bai buɗe wa jama'a rubutunsa ba, sai an saka shi daban daga baya. Matsalar ita ce sau da yawa kana buƙatar intanet kafin ka sauko da direban da zai ba ka intanet, ga shi kuma MacBook Air ba ta da ramin wayar sadarwa irin wanda ThinkPad take da shi a gefenta. Mafita ita ce ka jona wayarka da kebul ka ara mata data, abin da ba zai ci maka minti goma ba. Amma da yake direban ba ya cikin kanel, duk lokacin da aka sabunta kanel sai an sake gina shi, kuma ranar da ginin ya ƙi, za ka kunna kwamfuta ka tarar Wi-Fi ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Kyamarar MacBook ma haka take, sai an nemo mata direban da masu sa kai suka rubuta, alhali ta ThinkPad tana aiki nan take.

A ɓangaren hoto kusan kunnen doki suka yi, tunda dukansu Intel ne ke sarrafa musu sikirin, kuma Linux ya saba da shi. Sai dai akwai wasu T480 da aka ƙara wa katin NVIDIA MX150, kuma mai shago zai yi maka tallarsa a matsayin ƙarin daraja. Ga irin aikinka ba abin da zai ƙara maka sai zafi da shan batir da hidimar wani rufaffen direba, don haka ka nemi marar shi.

ThinkPad ma tana da nata aibin. Na'urar karanta zanen yatsa da ke jikinta ba ta aiki kai tsaye a Linux, sai da wata manhaja ta gefe, kuma ni a ganina bai cancanci ɓata lokaci ba. Sannan wasu suna zuwa da sikirin mai yawan ɗigon hoto 1366 da 768, wanda launinsa a dushe yake har na MacBook mai 1440 da 900 ya fi shi. Wadda za ka nema ita ce mai 1920 da 1080.

Idan aka zo batun shekarun da za ka yi da ita, tazarar ta ƙara faɗi. An liƙe RAM ɗin MacBook Air, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, mai giga 8 a jikin babban allon da ke cikinta, ba a ƙarawa ba a ragewa, kuma SSD ɗinta, wato ma'ajiyar fayiloli, bakinsa na Apple ne na musamman. T480, wadda ta fito a 2018, tana da gurbin RAM biyu da ke ɗaukar giga 32, kuma yawancinsu injin Intel na ƙarni na takwas ne mai ƙwaya huɗu, ninkin na MacBook mai ƙwaya biyu, ko da yake akwai 'yan ƙarni na bakwai a cikinsu, sai ka duba. Tana kuma da batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje wanda ake zarewa a sauya tana kunne, abin da duk mai zama inda ake yawan ɗauke wuta ya san amfaninsa. A Linux kana iya umartar ta ta daina caji a kashi 80 domin batirin ya daɗe, kuma cajarta USB-C ce da ake samu ko'ina, ba MagSafe irin ta MacBook ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka tafi shagon da filashi mai ɗauke da Linux Mint, ka nemi izinin tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ka ɗora komai ba. Ka jona Wi-Fi, ka kunna sauti da kyamara, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka, sannan ka rubuta lspci -k a tagar umarni domin ka ga sunan kowane kati da direban da ke tuƙa shi. Daga nan ka sake kunna ThinkPad ɗin ka danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta na asali. Idan ta nemi kalmar sirrin mai kula kuma mai shago bai san ta ba, ka ajiye masa kayansa komai arharsa, domin cire batir ba ya goge wannan kulle.