Kart ɗin bango ko zanen ƙasa a hilin lakwal, wanne ya fi?

Malama kin tambaya, ɗiyan CM1 gare ki su wajen 70 nan Tawa, kuɗin kuma kaɗan ne, ko ki sayi babban kart na bango ko ki tsaya ga zane bisa rairayi. Na yi duka biyun, ga abin da na gani.

Kart ɗin bango shi ne ke nuna ma yaro ƙasar gaba ɗaya a kallo guda. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce, jihohi 8, maƙwabta 7, ba yadda za ki zana wanga da kara a ƙasa ya hito daidai. Nan zai ga kogin Isa ya shigo daga Mali ya ratsa Tilaberi da Yamai ya hita wajen Gaya, ya ga Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar. Amma aibinshi, ratayewar da anka yi mishi. Yaro na ganin Agadas bisa, Ƙonni ƙasa, sai ya ɗauka arewa sama ce, in kin ce nuna mini arewa sai ya ɗaga yatsa ga rufin aji wallahi. Kuma na bayan aji ba su ganin komi sai launi.

Zanen ƙasa kuwa kyauta ne, kara da toka da ƴan duwatsu sun isa. Kuma yaranmu sun riga sun san gabas saboda salla, daga nan za ki kama, ki sa su huskanci gabas, hannun hagu arewa na dama kudu, shi ke nan. Sai dai ki faɗa musu alƙibla daga nan ba gabas tsantsa ba ce, ta ɗan karkata arewa. In kina son ki tabbatar ki kafa sanda a miƙe, inuwa mafi gajarta da rana tsaka ita ke nuna arewa, amma hattara, mu nan muna kusan digiri 15 arewa da ikwaita, daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Agusta inuwar kudu take komawa. Ni na taɓa yin darasin a watan Yuni, busol ɗin waya (abin nuna arewa) na cewa wani abu sandar na cewa wani, yara sunka yi ta dariya. Ki yi shi Nuwamba ko Disamba.

Wajen ma'auni ma zanen ƙasa ya fi nesa ba kusa ba. A auna aji da igiya, a ce mita 9 da mita 7, kowa ya maida shi cikin kaye santimita 1 a madadin mita 1. Wanda ya yi wanga da hannunshi, ranar da ya ga 1/200 000 bisa kart ɗin IGNN (ma'aikatar zanen kart ta Nijar) ba zai ruɗe ba, zai gane santimita 1 kilomita 2 ce. Haka zaizayar ƙasa, ki tara tudun rairayi biyu, ɗaya ki jera mishi duwatsu a gicce, a zuba ruwa da buta, su da kansu za su ga dalilin jeren duwatsun da ake yi gangaren Keita da Maggiya.

Matsalar zanen ƙasa iska, da hunturu kafin ki juya ta shahe aikin, awaki kuma su ƙarasa. Yara 70 a hili sai kin kasa su rukuni rukuni in ba haka ba wasa za ya zama.

Ni dai da ni ce, watanni biyu na farko a hili za mu yi su, kart ɗin kuma ki ara daga ajin CM2 in lokaci ya yi, ki shimhiɗa shi bisa tabarma kanshi na kallon arewa ta gaskiya kafin ya hau bango.